Launi a Fili: Daga Bakin Tekun Jidda Zuwa Bangon Zaurenmu

Laccar da aka gabatar a gaban ɗalibai da malamai da dattawan gari a Ɗanzomo, Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar



Iyayenmu masu riƙe da ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke can gefe, sannunku da fitowa. Ƙannena ɗalibai, da baƙinmu da suka taso daga Gumel da Maigatari da Gagarawa, sannunku da hanya.

Na san da yawa sun zo da zaton za a yi maganar taki, ko farashin riɗi, ko rairayin da ke cin gonaki ta arewa. Duk sun cancanci a zauna a kansu, kuma a cikin rumfar nan akwai waɗanda suka fi ni saninsu nesa ba kusa ba. Ni maganar ado na kawo. Ba adon jiki ba, adon gari: abin da ake kafawa a fili, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, mai kuɗi da almajiri su wuce su kalla ba wanda ya biya ko sisi. Zan faro daga garin da da wuya a rasa wanda ya taɓa taka shi a kowace unguwa ta nan, wato Jidda.

Alhazanmu sun san Jidda, amma sani ne na gajiyayye. An gama aikin Hajji, ana jiran jirgi, hankali yana kan awon kaya da jarkar zamzam. Abin da aka fi tunawa shi ne fararen rumfunan nan na filin jirgin alhazai da aka buɗe a 1981. Su kansu aikin gwaninta ne, guda 210, har sun ci lambar yabo ta Aga Khan a 1983, sai dai wanda ya kwana a ƙarƙashinsu yana gadin jaka ba lambar yabo ce a ransa ba. Kaɗan ne ke samun sararin shiga cikin gari. Wanda ya shiga kuwa, ko ɗan Umara ne ko mazauni, zai yi ta waiwaye a mota. A wani shataletale keke ne tsaye, tsayinsa ya kai mita 15. A wani wurin manya-manyan fitilu ne irin na masallatan Masar na da, da gilasai masu launi, suna haske da dare. Ga taswirar duniya a dunƙule. Ga wani ƙaton curin kankare da motoci suka nutse a cikinsa, gargaɗi ga masu gudun wuce sa'a.

Ba haka kawai suka tsiro ba. Akwai wani mutum, Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya yi karatun tsara gine-gine a Iskandariya ta Masar, ya riƙe ragamar birnin Jidda daga 1972 zuwa 1986. Lokacin kuɗin fetur ne, gari yana ta cin fili, ana shata tituna a inda jiya rairayi ne. Sai ya ce duk titin da aka shimfiɗa a bar wa ido abin kallo. Ya bi attajirai da 'yan kwangila, wannan ya ɗauki nauyin wannan, wancan ya ɗauki nauyin wancan, har aka kafa abubuwa fiye da 400. Ya sayo aikin manyan gwanayen duniya na wancan zamani: Henry Moore na Ingila, Joan Miró na Sifen, Alexander Calder na Amurka, Victor Vasarely mutumin Hangari da ya zauna a Faransa. Ya kuma ba Larabawa aiki, irin su Mustafa Sanbal na Masar da Abdulhalim Radwi ɗan Makka. Amma wanda hannunsa ya fi yawa a titunan Jidda wani ɗan Sifen ne, Julio Lafuente. Shi ya yi keken, shi ya yi fitilun, shi ya yi motocin cikin kankare. Kuma ku riƙe wannan, don zan dawo kansa idan na zo kan masu waldarmu: wasu ayyukansa da tsofaffin ƙarafa ya yi su, har da ɓaraguzan tsohon injin tace ruwan teku da ya shayar da Jidda shekara da shekaru. Abin da a nan 'yan gwangwan za su ɗora a sikeli, shi ya miƙar da shi a tsakiyar gari don jikoki su san da me kakanninsu suka sha ruwa.

Na ga wasu malamai sun gyara zama, kuma na san dalili. Tambayar ita ce: wannan ba gumaka ba ne? Ba zan yi shisshigi a fagen da ba nawa ba, ga masu shi nan a zaune. Abin da kowa ya sani shi ne jumhurun malamai sun hana sassaƙa surar abu mai rai, mutum ko dabba, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Farsi ya san a ƙasar da yake. Shi ya sa mafi yawan abin da ya kafa ba su da fuska ba su da ido: keke ne, jirgin ruwa ne, butar gahawa ce, rubutun Larabci ne da aka tsayar da shi da ƙarfe, ko kuwa siffa ce kawai, da'ira da kusurwa da lanƙwasa. Ban ce duka ba. Akwai 'yan kaɗan, musamman na Moore da Miró, da idan ka ƙura musu ido za ka ce kamar wani abu mai rai ne aka sakaya, kuma kowa da inda zai tsaya a kansu. Amma babban darasin yana nan: hanin da wasu ke ɗauka ya rufe ƙofar ado, a Jidda hanya ya nuna. An cika gari da abin kallo, mota 'yar tafiyar awa guda daga Ka'aba.

Yanzu ga ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba. Bayan Farsi ya sauka, shekaru suka yi ta tafiya, iskar teku mai gishiri ta yi ta lasar ƙarfe, tsatsa ta kama, fenti ya koɗe, yara suka yi rubuce-rubuce, aka faɗaɗa tituna aka ture wasu gefe. Ayyukan da ake tsaronsu da 'yan sanda a Turai, a nan sun zama majinginar masu shan iska. Sai a 2011 hukumar birni ta haɗa hannu da gidauniyar iyalan Abdul Latif Jameel, waɗanda aka sani da dillancin motocin Toyota a Saudiyya, aka kawo ƙwararru aka shiga wankewa da kankarewa da sake fenti. Aka tattara kimanin 20 daga cikin mafiya daraja a fili guda a bakin teku, ta unguwar Hamra, ya zama gidan kayan fasaha wanda ba rufi ba ƙofa.

Na je wurin da yamma, bayan zafi ya faɗi. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba sunayen masu aikin ba ne, mutanen da ke wurin ne. Iyalai sun shimfiɗa darduma, ga filas ɗin shayi, yara suna zagaye ƙarfen Calder da gudu, can cikin teku maɓuɓɓugar Sarki Fahad tana harba ruwa sama. Ba wanda ya yi musu bayani, ba wanda ya ce su yi shiru. Na daɗe a gaban aikin Vasarely, mutumin da ya ƙware wajen jera murabba'i da da'ira masu launi har ido ya ruɗe, ka matsa dama ka ga abu ya kumbura, ka matsa hagu ka ga ya lotsa. Duk wanda ya taɓa juya sabuwar hula zanna a hannunsa a cikin rana ya san irin wannan ruɗin. A nan na fara tambayar kaina, shin wannan abin baƙo ne gare mu da gaske?

Mu dawo gida, amma mu biyo ta arewa. Daga Maigatari idan aka tsallaka iyaka, aka bi ta Dungas, ba a daɗe ba sai Damagaram. Ban manta da abin da ya gudana tsakanin kakanninmu na Lautai, wato ƙasar Gumel, da Damagarawa ba, amma yau kasuwa ɗaya muke ci ranar Alhamis, don haka a yi mini afuwa in yabe su. Birnin nasu, Zandar, wanda Sarki Tanimu ya ƙarfafa ganuwarsa a tsakiyar ƙarni na 19, wanda kuma ya zama hedkwatar Nijar ta 'yan mulkin mallaka har zuwa 1926, yana da unguwar da ake kira Birni. Shiga lungunanta da ƙafa. Fuskar gida bayan fuskar gida, an yi musu zayyana tun daga dokin ƙofa har zankwaye: dagi, sarƙa, tauraro, takobi, an cike tsakaninsu da shuɗi da ja da rawaya da kore. Ba gwamnati ta ba da kwangila ba, ba wani ɗan Sifen aka ɗauko ba. Maigida ne ya sami ciniki, ya kira magini ya ce a fito masa da fuskar zaure, don mai wucewa ya san nan gidan mutum ne.

Haka abin yake a cikin birnin Kano da Zariya da Katsina, da fadojin sarakunanmu na Jigawa. Kuma ga abin dariya: tun kafin Lafuente ya kafa kekensa a Jidda, maginan Zariya sun riga sun ɗora keke a bango. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, lokacin da keke da agogo da mota da jirgin sama suke sababbin abubuwan alfahari, sai suka shiga cikin zanen gida, suka zauna kusa da dagi ba wanda ya ce sun yi baƙunta. Maginin Hausa bai taɓa zama mai maimaita abin da ya gada kawai ba. Idonsa yana kan titi.

Ina so ɗalibai su ji yadda ake aikin, don yawancinku kun tashi kun tarar da bulo. Ana cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana, a mulmula tubali, a shanya. Ana jera shi kai sama, a ɗora azara ta giginya wadda gara ba ta ci. Idan gini ya tashi, a yi yaɓe. Tun yaɓen yana ɗanye magini yake tayar da zane da yatsunsa, ba takarda ba ma'auni, daga sama yana gangarowa. Sannan a kare shi daga ruwa. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana ba bango duhun ja mai sheƙi. Akwai laso, simintin kakanninmu, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Ku duba wannan haɗi da kyau: sharar marini da sharar majemi su ne rigar ruwan magini. Sana'a uku a bango guda. Launi kuwa, farar ƙasa da jar ƙasa da shuni ne, kafin fentin kanti ya zo. Da siminti ya shigo, magina suka koyi shafa shi su karce zane a jikinsa tun bai bushe ba, sannan su bi da fenti. Yawancin gidaje masu launi da ake ɗauka hoto a yau irin wannan ne.

Sana'ar tana da manyanta. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakan gizo na ƙasa da azara waɗanda masana gine-gine ke zuwa daga Turai su auna. A ƙasar Tawa ta Nijar, Alhaji Falke Barmu ya fara ginin masallacin Yama a 1962 da ƙasa zalla, ya ci lambar Aga Khan a 1986, irin lambar da rumfunan Jidda suka ci shekara uku kafin nan. Manomi ne magini na ƙauye, ya tsaya sahu ɗaya da kamfanin Amurkan da ya tsara rumfunan.

Idan ana neman gidan tarihi mai abin kallo a fili a ƙasashenmu, na Yamai ne ya fi kusa. An buɗe shi a 1959, yanzu yana ɗauke da sunan Bubu Hama. Ba gini ɗaya ba ne, fili ne mai faɗi da ɗakuna a warwatse, an yi musu fuska irin ta gidajen Hausa, fari da shuɗi, ga maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban mai kallo, ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a hamada. A can aka ajiye gawar wata bishiya. Itacen ƙaya ne da ya tsaya shi kaɗai a hamadar Tenere, ana cewa ba wata bishiya kusa da shi a tazarar ɗaruruwan kilomita, ayarin gishirin Balma suna yada zango a gindinsa ba mai karya ko reshe. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Duk faɗin Sahara. Aka kwaso itacen aka kai Yamai, a gurbinsa aka kafa bishiyar ƙarfe don matafiya su ci gaba da samun alama. Mu da muke dasa darbejiya don tare rairayi, labarin nan ba na dariya ba ne zalla.

A Najeriya kuwa, mai son ganin irin wannan sai ya je Samaru. Sashen koyar da zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da lambu cike da ayyukan ɗalibai na kankare da ƙarfe, shekara da shekaru suna taruwa. Makarantar tana da tarihi: a nan ne a 1958 wasu ɗalibai, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka yi wa malamansu Turawa tawaye, suka ce za su koyi dabarar zamani amma da idon gida za su yi zane. Ku lura da sunayen. A Zariya aka yi abin, 'yan kilomita kaɗan daga masallacin Babban Gwani, amma jagororinsa daga kudu suka zo. Lambun kuma cike yake da surar mutane, don haka yawancin namu sukan wuce ta gefensa suna kau da kai, su tafi da zaton cewa duk fannin na wasu ne. Asara ce. Yaron da kakansa ya iya tayar da dagi a bango ba tare da ma'auni ba, shi ya fi kowa cancantar kujera a wancan aji.

Ba kuma hukunci ne kaɗai ke kashe abin ado a fili ba. A 2017 an gina wani dogon gini na ado a shataletalen gidan gwamnatin Kano don cikar jihar shekara 50. A watan Yunin 2023, da aka sami canjin gwamnati, aka rushe shi. An ba da dalilai, an yi ta musu a rediyo, ba zan shiga ciki ba. Abin da na ɗauka shi ne, duk abin da jama'a ke kallo a matsayin na gwamna wane, to kwanansa na iya ƙarewa da kwanan gwamnan. Bangon zauren unguwar Birni ta Zandar ya ga sarakuna da Faransawa da sojoji da farar hula, yana nan, domin mai shi yana kwana a bayansa.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi so ku tafi da shi. Launi a fili ba a sayensa sau ɗaya. Haya ake biya, kuma rana ce mai gidan. A nan Jigawa muna da shaida: zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, wanda aka sanar da duniya a shekarun 1950, ya kai ɗaruruwan shekaru ne saboda yana ƙarƙashin inuwar dutse, ruwa ba ya zuba a kansa. Duk abin da ba shi da wannan gata sai da hannun mutum. Hasumiyar Eiffel ta Faris, kusan duk shekara bakwai ake sake mata fenti, tan 60 a kowane zagaye. A Bilbao ta Sifen, a ƙofar gidan fasahar Guggenheim da aka buɗe a 1997, akwai wani ƙaton ɗan kwikwiyo mai tsayin mita 12 da aka lulluɓe da furanni masu rai. Ban kawo shi don a kwaikwaya ba, Allah ya kiyaye a wayi gari da kare a shataletalen Gumel. Na kawo shi ne don sau biyu a shekara ake cire furannin nan dubbai a dasa sababbi, kuma akwai waɗanda albashinsu ke nan. Mafi kusa da mu shi ne masallacin Jenne a Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne. Kowace shekara gari ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu, mata na ɗebo ruwa, samari na ɗauko laka, magina na kan itatuwan da aka bari a jikin bango don takawa, a yaɓe shi tas. An sa ranar gyara a cikin tsarin ginin tun daga farko.

Mu ma haka muke. Dattawan da ke nan za su tuna, idan kaka ta yi aka kai amfani gida, sai a waiwayi bango. A toshe inda damina ta zaizaye, a gyara indararo, a sake yaɓe, mata su yi daɓe su shafe ɗaki da farar ƙasa. Zayyana ba ta tsufa saboda ba a barinta ta tsufa. Abin da ya mutu ba gwaninta ba ce, wannan zagayen na shekara-shekara ne. Samari suna tafiya cirani da an gama girbi, lokacin da a da ake yaɓe. Ƙasarmu ta nan kuma jigawa ce, ƙasar gini mai kyau sai an nemo ta a kududdufi, ga shi an cike kududdufai an yi filaye.

Ba na zargin wanda ya koma bulo da kwano. Wanda ya ga yadda gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a kan mutane a damunar 2022 a faɗin jihar nan ba zai tsaya yi wa talaka wa'azin gargajiya ba. Kowa yana son ya kwana da ido biyu rufe idan hadari ya haɗo. Ƙorafina shi ne mun karɓi siminti mun bar shi tsirara. Ku bi titi daga nan zuwa Gumel ku ƙirga launin da za ku gani a bango. Rawaya ta MTN ce, ja ta Airtel ce, kore ta Glo ce, saura fastocin 'yan takara, wani kan wani. Kamfanoni sun gane darajar bangonmu, suna aiko mai fenti a kan kari. Mu masu bangon ne muka sallama.

Amma idon bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ku je Maigatari ranar kasuwa ku dubi jikin manyan motocin da ke lodin shanu: dawisu, dabino, masallaci, furanni, kowace mota da nata. Ku dubi sirdi da linzami da jalala ranar hawan salla a Gumel. Ku dubi ƙwaryar da aka sassaƙa, da faifai, da tabarmar kaba mai rini, da jeren ɗakin amarya. Sannan ku tsaya a rumfar mai walda ku ga ƙofofin da yake lanƙwasa wa ƙarfe. Dagin da ya sauko daga bango, ga shi can a jikin get. Waɗannan yaran masu baƙin tabarau su ne magadan Sarkin Magina, ko sun sani ko ba su sani ba, kuma abin da Lafuente ya yi da tsohon injin ruwa bai fi ƙarfinsu ba.

Akwai ƙauyen da ya gwada. Dandaji, a ƙasar Tawa, Hausawa ne manoma kamarmu, rana irin tamu. Wata 'yar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou Kamara, ta tsara musu kasuwa da aka gama a 2018. Shaguna na tubalin ƙasa da aka matse da inji, kewaye da tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwa a gindinta tun da. Da yake itace ba ya saurin girma a wurin, sai aka ƙera inuwa da ƙarfe: faya-fayai masu faɗi a kan sanduna, wani sama da wani don iska ta ratsa, an yi musu fenti kala-kala. Daga nesa abin kallo ne da ake bugawa a mujallun duniya. Daga ƙasa kuwa rumfa ce, mai tattasai tana zaune a inuwarta. A garin dai ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci, suka mayar da tsohon ɗakin karatu maimakon a rushe shi. A ganina wannan ya fi na Jidda dacewa da mu. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, abin adon da ba ya ba da inuwa ya yi rabin aiki.

To me za a iya a Ɗanzomo? Ba na kawo shawarar a tura wa gwamnati takarda. Akwai bangon makaranta da ke kallon titi. Akwai tankin ruwa. Akwai inda mata da yara ke tsayuwa a rana suna jiran layi a famfo, da inda ake jiran mota. A zaɓi ɗaya, ɗaya tak. Idan bango ne, a nemo tsohon magini ya zana, ɗalibai su cike launi a ƙarƙashin idonsa. Idan rumfa ce, a ba masu waldar gari, a sayi ƙarfen a hannun 'yan gwangwan kafin ya wuce Kano.

Ga kuma 'yan abubuwan da masu fenti suka sani, masu ba da aiki ba sa son ji. Sabon filasta yana bukatar kamar mako huɗu ya bushe kafin a shafa masa fenti, in ba haka ba zai kumbura ya ɓare. Ƙarfe sai an kankare tsatsa an fara shafa jan fentin nan na ƙasa, sannan mai launi ya hau. Ba a fenti a tsakiyar ƙurar hunturu, ba a yi a kan bangon da rana ta gasa da tsakar rana. Fentin ruwa mai arha na cikin ɗaki ne, a waje damina ɗaya zai yi. Launukan da suka fito daga ƙasa, ja mai duhu da ruwan ƙasa da rawaya mai duhu, sun fi jure rana, masu ƙyalli su ne ke fara koɗewa. Kada a sa hoton kowa, kada a sa launin jam'iyya, kada a rubuta sunan mai bayarwa da haruffan da suka fi zanen girma. Kuma kafin a buɗe gwangwanin farko, a tsayar da wanda zai sake shafawa da watan da za a yi. In aji ne, a ce kowane aji biyar na sakandare shi ke da bangon a shekararsa, bayan girbi, ya miƙa wa na bayansa. In ba a sami mai ɗaukar wannan ba, gara a bar bangon yadda yake, don koɗaɗɗen zane ya fi bango tsirara muni.

Akwai aikin da ba ya bukatar ko naira. Kusan kowane ɗalibi a nan yana da waya ko yana da mai ara masa. Kafin ruwan bana ya sauka, ku zaga garin nan da ƙauyukan kewaye, duk inda kuka ga tsohon zaure mai zane, ko zanko, ko rumbu mai ado, ku nemi izinin masu gida ku ɗauki hoto. Ku tambayi wa ya gina, a zamanin wane hakimi, ina ya koyi sana'a, 'ya'yansa suna ina. Ku rubuta a littafi, ku ajiye kwafi a makaranta. Iyayenmu dattawa, ku ne za ku nuna musu ƙofofin da za su ƙwanƙwasa, don su ba su san su ba.

Na ga shugaban taro yana duban agogo. An gaya mini akwai magina biyu ko uku a cikinmu, da wasu masu walda a can baya. Ina roƙon a fara ba su abin magana kafin masu tambaya, don ina so in ji ko har yanzu ana samun dafara a dajin nan, da kuma nawa rumfar ƙarfe mai ɗaukar mutum ashirin za ta ci a farashin yau.